Kotu Biyu a Gari Ɗaya: Yadda Dokar Jiha Ta Karɓe Ragamar Shari'ar Neman Haƙƙi a Amurka

A shekarun 1920, a garin Bowling Green na jihar Kentucky, wani kamfanin tasi mai suna Brown and Yellow ya so ya mallake harabar tashar jirgin ƙasa shi kaɗai. Ya shirya da kamfanin jirgin, Louisville and Nashville, cewa motocinsa ne kawai za su riƙa shiga suna kwasar fasinja da kaya. Sai dai kotunan Kentucky sun daɗe da yanke cewa yarjejeniyar babakere irin wannan ba ta da tushe. Abokin gasarsa, kamfanin Black and White, ya san da haka, don haka ya ci gaba da jera motocinsa a bakin tasha.

Masu Brown and Yellow ba su tunkari kotun jiharsu ba, tun da sun san abin da za ta ce. Sai suka tsallaka iyaka zuwa Tennessee, suka yi rajistar sabon kamfani da suna iri ɗaya, suka mayar masa da motoci da harkar gaba ɗaya, suka rushe tsohon. A takarda, kamfanin ya zama baƙo a Kentucky, kuma baƙo yana da damar kai ɗan gari ƙara kotun tarayya. Can aka ba su abin da suke so, aka hana Black and White shiga tasha. A 1928 Kotun Ƙoli ta amince da hukuncin, alƙalai shida a gefe ɗaya, uku a ɗaya gefen. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ne ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ya ce kotunan tarayya sun ɗora wa kansu ikon da tsarin mulki bai ba su ba. Direbobin nan dai su ne, motocin su ne, tashar ma ita ce. Takardar rajista kawai aka sauya, doka ta juya baya.

Babu wanda ya karya doka a wannan dabara, kuma abin takaicin ke nan. Haka aikin lauyan ƙarar neman haƙƙi yake a Amurka ta wancan zamani. Kafin ya tambayi wa ke da gaskiya, sai ya fara tambayar wace ƙofa zai bi.

Tushen abin yana cikin ginin ƙasar. Jihohin farko sun riga tarayya zuwa, kuma kowace jiha da kotunanta da dokokin da ta gada daga Ingila, ban da Louisiana wadda ta bi tsarin Faransa da Sifen, ta tattara dokokinta a kundi tun 1808. Bashi, ciniki, fili, gado, aure da diyyar rauni duk suna hannun jiha, kuma har yau fiye da tara cikin goma na shari'un ƙasar a kotunan jihohi ake yin su. Amma waɗanda suka rubuta tsarin mulki sun ji tsoron kada alƙalin gari ya fifita ɗan gari a kan baƙo, sai suka ba kotunan tarayya hurumin sauraron ƙara tsakanin mutanen jihohi daban-daban. Dokar kotuna ta 1789 ta ce sai kuɗin da ake jayayya a kai ya wuce dala 500. Yau sai ya haura dala 75,000. Sashe na 34 na wannan doka ya umarci alƙalin tarayya ya yi hukunci da dokokin jihohi a irin waɗannan ƙararraki.

Umarnin kamar a fili yake, har zuwa 1842. Wani ɗan New York, George Tyson, ya sa hannu a takardar biyan kuɗi don sayen fili a Maine daga wasu mutum biyu, ashe filin ba nasu ba ne. Kafin asiri ya tonu, ɗaya daga cikinsu ya miƙa takardar ga wani mai suna Swift a madadin wani tsohon bashi. Swift ya zo karɓar kuɗi, Tyson ya ce an damfare shi. Hukunce-hukuncen alƙalan New York sun karkata ga Tyson. Mai shari'a Joseph Story, wanda ya shiga Kotun Ƙoli yana ɗan shekara 32 kuma yana koyar da shari'a a Harvard, ya ce sashe na 34 yana magana ne a kan dokokin da majalisa ta rubuta da kuma al'amuran da suka keɓanta da wuri, kamar mallakar ƙasa. Abin da alƙalan jiha suka faɗa game da ciniki ra'ayinsu ne kawai, alƙalin tarayya yana da ikon ya nemo dokar gama-gari da kansa. Swift ya yi nasara.

Bai kamata a yi wa Story mummunar fahimta ba. Burinsa shi ne takardar bashi ta yi daraja ɗaya a Boston da New Orleans, ɗan kasuwa ya san matsayinsa duk inda kayansa suka je. Ya yi zaton jihohi za su ga kyan hukuncin kotunan tarayya su bi sahu. Ba su bi ba. Kowace ta riƙe nata, sai aka wayi gari da doka biyu a gari ɗaya.

Dokar gama-garin kuma ba ta tsaya a kan takardun ciniki ba. Ta bazu zuwa inshora, kwangila, da raunin da ma'aikaci ya samu a bakin aiki, a daidai lokacin da layin dogo ke ratsa ƙasar yana cin hannuwa da ƙafafun leburori. A 1893 wani mai zuba wa injin jirgi gawayi, mai suna Baugh, ya ji mummunan rauni a Ohio saboda sakacin direban jirgin. Bisa hukuncin kotunan Ohio, kamfani zai biya shi. Kotun Ƙoli ta ce dokar gama-gari ta ɗauki direban a matsayin abokin aiki ne kawai, don haka babu alhaki a wuyan kamfani. Manyan kamfanoni sun gane inda ribarsu take. Da an kai su ƙara kotun jiha, sai su nemi a ɗauke ta zuwa kotun tarayya, wadda sau da yawa tana wani birni mai nisa, inda talaka zai sha wahalar kai shaidunsa, ga tsadar lauya. Da yawa sukan karɓi ɗan abin da aka miƙa musu su haƙura.

A ɓangaren yadda ake gudanar da ƙara kuwa, jihohi ne ke gaba. A 1848 New York ta karɓi kundin da lauya David Dudley Field ya jagoranci rubutawa, wanda ya soke tsofaffin sigogin ƙara na Ingila, inda mutum kan rasa haƙƙinsa don kawai lauyansa ya zaɓi sigar da ba ita ba. Kundin ya ce mai ƙara ya faɗi abin da ya faru da harshen da kowa zai fahimta. Missouri ta kwaikwaya a 1849, Kalifoniya a 1851 ta hannun ƙanensa Stephen Field, wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙoli kuma ya ƙi amincewa da hukuncin Baugh. Wata doka ta 1872 ta tilasta wa kotunan tarayya su bi ƙa'idojin gudanarwa na jihar da suke zaune a ciki. Wato alƙalin tarayya yana bin jiha wajen rubuta takardu da aika sammaci, amma wajen ainihin wa ke da haƙƙi, yana bin ra'ayinsa.

A 1923 masanin tarihin shari'a Charles Warren ya tono ainihin daftarin dokar 1789 a cikin tsofaffin takardun Majalisar Dattawa. Daftarin ya ambaci dokokin jiha rubutattu da waɗanda ba rubutattu ba. Warren ya kafa hujja da shi cewa an taƙaita lafazin ne kawai, ba a yi nufin fitar da hukuncin alƙalai ba. Masu sukar Story sun samu makami, saura shari'ar da za su gwada shi.

Ta zo daga wani ƙaramin gari mai suna Hughestown a Pennsylvania. Wajen ƙarfe biyu da rabi na daren 27 ga Yuli 1934, Harry Tompkins, matashi ɗan shekara 27 wanda ba shi da aiki a lokacin, yana komawa gida a ƙafa. Ya bi wata 'yar hanya da mutanen unguwa suka saba bi a gefen layin dogo na kamfanin Erie. Jirgin kaya ya taho, wani abu da ya leƙo daga jikin tarago, wanda ya ce ya yi kama da buɗaɗɗiyar ƙofa, ya make shi ya faɗi. Ƙafar jirgi ta bi ta kan hannunsa na dama, ya rasa hannun.

Lauyoyinsa matasa ne daga New York, kuma sun yi karatun da ya kamata. Sun gano cewa a 1932 babbar kotun Pennsylvania ta yanke cewa wanda ya bi hanyar da ta miƙe a gefen layin dogo mai kutse ne, ba ya da diyya sai in an cuce shi da ganganci. A dokar gama-gari ta kotunan tarayya kuwa, sakaci kawai ya isa. Kamfanin Erie a New York yake da rajista, shi kuma Tompkins ɗan Pennsylvania ne, don haka suka shigar da ƙara kotun tarayya ta New York. Dabarar da kamfanoni suka daɗe suna yi wa talakawa ce, wannan karon talaka ya yi wa kamfani. Mutanen garin da ake zaɓowa su taya alƙali yanke hukunci suka ba shi dala 30,000, kuɗi mai yawan gaske a tsakiyar karayar tattalin arzikin wancan lokaci. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar.

A Kotun Ƙoli, lauyan kamfanin, Theodore Kiendl, bai nemi a soke hukuncin Story ba, domin kamfanonin jirgin ƙasa na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa. Ya dai ce zancen hanyar gefen dogo al'amari ne na gida, a bar wa Pennsylvania. Babu ɓangaren da ya roƙi a taɓa tsohon hukuncin. Amma ranar 25 ga Afrilu 1938, Mai shari'a Louis Brandeis, ɗan shekara 81, haifaffen Kentucky, wanda yana cikin ukun da suka ƙi hukuncin masu tasi shekara goma baya, ya buɗe hukuncinsa da tambayar ko ya kamata a ci gaba da bin hukuncin Swift da Tyson. Ya kawo binciken Warren, ya kawo labarin Bowling Green, ya nuna cewa tsarin da aka kafa don kare baƙo ya koma makamin da baƙo ke dukan ɗan gari da shi. Ya rufe da cewa tarayya ba ta da wata dokar gama-gari tata. Duk abin da tsarin mulki ko dokar Majalisar Tarayya ba su rufe ba, dokar jiha ce ke aiki, ko majalisar jihar ce ta rubuta ta, ko babbar kotunta ce ta furta. Alƙalai biyu, Pierce Butler da James McReynolds, sun ƙi yarda, suna ƙorafin cewa an rushe abin da ya shekara 96 ba tare da an saurari muhawara a kai ba.

Aka mayar da shari'ar ƙasa, aka yi aiki da dokar Pennsylvania, Tompkins bai samu ko kwabo ba. Hukuncin daidai ne, domin ba ya yiwuwa haƙƙin mutum ya dogara da adireshin wanda ya cuce shi. Amma wanda ya biya kuɗin gyaran mutum ne mai hannu ɗaya da iyali, kuma ɗaliban shari'ar da ke haddace sunansa kowace shekara sun fi tuna ƙa'idar da mutumin.

A watan Satumba na wannan shekarar ne kuma sababbin ƙa'idojin gudanar da ƙara na kotunan tarayya suka fara aiki, waɗanda kwamitin da Charles Clark na jami'ar Yale ya yi wa rubutu ya tsara. Cikin wata biyar komai ya kife. Gudanarwa ta koma hannun tarayya, ainihin haƙƙi ya koma hannun jiha. Nan take sabuwar rigima ta taso: ina iyakar gudanarwa, ina haƙƙi ya fara? Amsoshin da aka tara daga lokacin su ne abincin yau da gobe na lauyan Amurka.

Babu inda wannan ya fi ciwo kamar wa'adin shigar da ƙara. A 1945, a shari'ar Guaranty Trust da York, Mai shari'a Felix Frankfurter ya ce idan wa'adin jiha ya rufe ƙofa, kotun tarayya ba za ta buɗe ta ba. Wa'adin kuma ba ɗaya ba ne. Wanda ya ji rauni a Tennessee shekara ɗaya gare shi, a Texas da Kalifoniya biyu, a New York uku, a Maine shida. Ƙirgen kansa ma akwai tarko a ciki, kamar yadda ya faru da wani kafinta mai suna Walker a Oklahoma. Ranar 22 ga Agusta 1975 yana buga ƙusa a bangon siminti, kan ƙusar ya fashe ya shiga idonsa na dama. An shigar masa da ƙarar kamfanin Armco Steel a kotun tarayya ranar 19 ga Agusta 1977, saura kwana uku wa'adin shekara biyu ya cika. A ƙa'idar tarayya, ƙara ta fara ranar da aka ajiye takarda a rajista. A dokar Oklahoma kuwa, agogo bai tsaya ba sai sammaci ya isa hannun wanda ake ƙara, ko da cikin kwana 60 bayan shigarwa. Sammacin bai isa ba sai 1 ga Disamba. A 1980 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta bakin Mai shari'a Thurgood Marshall, ta ce lokaci ya wuce. Ba a taɓa sauraron ko ƙusar na da aibi ko ba ta da shi ba.

Ba kullum jiha ke rinjaye ba. A 1965, a shari'ar Hanna da Plumer, an bar sammaci a hannun matar wanda ake ƙara a gidansa da ke Massachusetts. Dokar jihar ta ce sai hannu da hannu, ƙa'idar tarayya ta ce barinsa a gida ya wadatar, kotu ta bi ta tarayya saboda ta yi magana kai tsaye a kan batun. Tun 1941 kuma aka yanke cewa idan rikici ya shafi jihohi biyu, alƙalin tarayya zai zaɓi dokar da za a bi ne da ma'aunin jihar da kotunsa take.

Sai batun rabon laifi. Tsohuwar ƙa'idar Ingila ta 1809 ta ce wanda ya taimaka wajen jawo wa kansa rauni, komai ƙanƙantar sakacinsa, ba shi da diyya. Mississippi ta yar da ita a 1910, Florida a 1973, Kalifoniya a 1975, yawancin jihohi suka koma rage diyya gwargwadon laifi. Alabama, Maryland, North Carolina da Virginia suna nan a kan tsohuwar. A ce asarar mutum dala 100,000 ce, kuma kashi 10 cikin ɗari na laifin nasa ne. A Pennsylvania zai tafi da 90,000. In dokar Maryland ce ke aiki, wadda ke maƙwabtaka da ita, hannu rabbana zai koma. An roƙi babbar kotun Maryland ta sauya a 2013, ta ce aikin majalisa ne. Wannan shi ne farashin abin da Brandeis ya kafa. An daidaita kotu biyu da ke gari ɗaya, amma bambancin da ke tsakanin jiha da jiha ya ƙara fitowa fili, kuma lauyan da bai san shi ba yana iya kashe ƙarar da gaskiyarta ke a bayyane.

Mai karatu a Najeriya zai ga kama, tun da nan ma kowace jiha tana da babbar kotunta da ƙa'idojinta na gudanarwa. Amma bambancin babba ne. Lauyan da aka rantsar a Najeriya yana iya tsayawa gaban alƙali a Kano yau, gobe a Enugu, kuma ƙarar da ta taso daga babbar kotun jiha tana hawa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli, waɗanda duka na tarayya ne. A Amurka kowace jiha ce ke ba lauya lasisi, wanda ya zo daga wata jiha sai ya nemi izini na musamman don shari'a ɗaya, galibi tare da lauyan gida. A kan fassarar dokar jiha kuwa, babbar kotun jihar ce ke da kalmar ƙarshe, Kotun Ƙoli ta Washington ba ta gyara mata.

Wannan ya haifar da wata al'ada mai kyau. Idan alƙalin tarayya ya ci karo da tambayar da babbar kotun jiha ba ta taɓa amsawa ba, da sai dai ya yi hasashen abin da za ta ce, wani lokaci ta zo daga baya ta ce ba haka ba ne. Florida ta yi doka a 1945 da ta ba kotunan tarayya damar aiko mata da tambayar a rubuce, amma ba a waiwayi dokar ba sai da Kotun Ƙoli ta yi nuni da ita a 1960. Yau kusan duk jihohi suna da irin wannan hanya.

Dabarar masu tasi ma an toshe ta. A 1958 Majalisar Tarayya ta ce kamfani ɗan jihar da ya yi rajista ne, kuma ɗan jihar da cibiyar harkarsa take. Burin Story na doka ɗaya ga 'yan kasuwa bai mutu ba, hanya ya sauya. Jihohi da kansu suka zauna suka tsara kundin dokokin ciniki na bai ɗaya, Pennsylvania ta fara amincewa da shi a 1953, sauran suka biyo, ko da yake Louisiana ta bar sashen sayar da kaya, kuma kowace majalisa tana da ikon yi wa kundin kwaskwarima.

Majalisun jihohi ba su daina taɓa waɗannan dokoki ba, shi ya sa littafin da lauya ya karanta shekara biyar baya yana iya kai shi ya baro. A watan Maris na 2023 Florida ta rage wa'adin ƙarar sakaci daga shekara huɗu zuwa biyu. Daga 1 ga Yuli 2024 Louisiana ta ƙara nata daga shekara ɗaya zuwa biyu. Alƙalin tarayya da ke zaune a Miami ko New Orleans da waɗannan sababbin wa'adodi zai ƙirga kwanakin duk wanda ya ji rauni bayan an yi sauyin.